Tashar Whitehaven: daga lodin kwal zuwa hayar wurin ɗaure jirgi

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Wannan bayani ne a kan wata tsohuwar tashar jiragen ruwa da ke garin Whitehaven, a yankin Cumbria na arewa maso yammacin Ingila, bakin Tekun Ailan. Garin ƙarami ne, mutanensa ba su kai 30,000 ba, amma a tsakiyar ƙarni na 18 tasharsa tana sahun gaba a Ingila wajen nauyin kayan da ake fitarwa. Yau an daina lodin kwal, an daina sauke kayan masana'anta. Abin da tashar ke sayarwa yanzu shi ne wurin ɗaure jirgi, da wuta, da ruwa, da mai, da gyara, da tarihi. Duk wanda ya san Baro ko Lokoja, ko tashar Garwa ta Kamaru, zai so ya ji yadda aka yi wannan sauyi, da abin da yake ci, da inda yake ba da matsala.

Kwal ne ya haifi tashar. Wani attajiri, Sir Christopher Lowther, ya gina madatsar dutse ta farko a 1634 don lodin kwal zuwa Dublin, kuma tana nan har yau, ana tafiya a kanta. Daga baya aka shiga kawo taba daga Virginia ta Amurka, da sukari da barasar rake daga tsibiran Karebiyan. A 1708 majalisar dokoki ta kafa amintattun da za su riƙa kula da tashar, kuma magadansu ne ke riƙe da ita har yanzu. Ramin kwal na ƙarshe, Haig, an rufe shi a 1986. Kamfanin sinadaran sabulu na Marchon, wanda ke shigo da dutsen fosfat daga Kasabalanka ta Maroko, ya daina shigo da shi ta nan a 1992. Daga nan sai tasha ta zama kango: manyan rumbunan siminti ba kaya, titin jirgin ƙasa ya yi tsatsa, laka ta cika ciki.

Gyaran ya fara ne daga ruwan kansa, kuma wannan shi ne abin da ya kamata mai karatu ya fi riƙewa. Kogin Kwara da Binuwai sau ɗaya suke yin babbar cika a shekara, da damina. Teku kuwa sau biyu yake cikowa ya janye a kowace rana, tsakanin wata cikowa da ta gaba kimanin awa 12 da minti 25, don haka kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Lissafin yana bin wata ne, irin wanda muke dubawa don azumi da sallah. Kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwar wata, da kuma bayan daren sha huɗu, ruwa yana yin babbar cikowa, kuma a Whitehaven tsakanin cikarsa da janyewarsa yakan kai mita 7, wato ya fi tsayin gida mai hawa ɗaya. A wajajen bakwai ga wata da ashirin da biyu kuwa bambancin yakan tsaya a kimanin mita 4. A da, idan ruwa ya janye, yawancin jiragen da ke ciki a kan laka suke kwanciya. Jirgin kwal mai faffaɗan gindi bai damu ba. Jirgin shaƙatawa mai dogon ƙarfe a ƙarƙashinsa kuwa, in ya zauna a laka sai ya kishingiɗa, ya lalace. Babu mai biyan haya ya ajiye dukiyarsa a irin wannan wuri, kuma babu mai zuwa shan iska gaban tabo mai wari.

Maganin da aka yi shi ne ƙofar ruwa da aka kammala a 1998. Wani ɗaki ne na kankare a bakin tashar ciki, tsawonsa kimanin mita 30, faɗinsa ya ɗan haura mita 13, da ƙyaure a kowane ƙarshe. Ƙyauren yana tare ruwan ciki kada ya bi teku idan ya janye, don haka jirage suna kan ruwa dare da rana. Yana kuma tare teku idan babbar cikowa ta haɗu da guguwa, wanda a da yakan sa ruwa ya malala cikin kasuwar gari. Da kuɗi ɗaya an sami tasha, an sami kariya daga ambaliya.

Ga yadda ake wucewa. Tun jirgi yana waje direba zai kira mai tsaron ƙofa ta rediyon jirgi a layi na 12, ya faɗi sunan jirginsa da tsawonsa. Kafin ya iso sai ya rataya robobi masu iska a gefe, aikin da tsofaffin tayoyi ke yi a jikin jiragenmu, ya kuma shirya igiya biyu, ta gaba da ta baya. Ba ya shiga sai fitila ta nuna kore. Ya shiga a hankali, ya ɗaure, a rufe ƙyauren bayansa, a buɗe ƙananan kafofi ruwa ya shigo ko ya fita har ya daidaita da na gaba, sannan a buɗe ƙyaure na biyu. Kurakuran da ake yi sanannu ne. Wani yakan ƙulle gajeriyar igiya tamau a abin da ba ya motsi, ruwa ya sauka, jirgi ya rataye har ƙarfen ɗaurin ya tumɓuke. Wani yakan bar wutsiyar igiya tana jan ruwa, farfela ta naɗe ta, inji ya mutu a tsakiyar ƙofa. Wani kuma bai duba jadawalin ruwa ba, ya iso lokacin da teku ya gama janyewa, ya tarar da yashi a tashar waje, dole ya jira awanni a cikin igiyar ruwa. Jadawalin nan ana buga na shekara guda tun kafin ta kama, da awa da minti da tsayin ruwa, kuma da wuya ya saɓa sai in iska mai ƙarfi ta ƙara ko ta rage.

A ciki akwai wurin ɗaure jirgi kimanin 400. Dandamali ne na katako a kan abubuwa masu iyo, an zura su a jikin turakun ƙarfe don su hau su sauka tare da ruwa. Kowane 'yan taku akwai ɗan ginshiƙi mai soket na wuta, amfiya 16, da famfon ruwan sha. Wutar da mita ake sayar da ita, abin da ka sha shi za ka biya. Ƙofar shiga dandamalin da lambar sirri take buɗewa, kuma mai haya yana da banɗaki, da wurin wanka mai ruwan zafi, da injin wanki. Akwai famfon man dizal a bakin ruwa. Dizal ɗin jirage ja ne, an rina shi don a nuna harajinsa ragagge ne, amma mai jirgin shaƙatawa sai ya bayyana kashi nawa zai ƙona wajen tafiya, ya biya cikakken haraji a kan wannan kaso. Yawanci kashi 60 ake rubutawa na tafiya, 40 na ɗumama ɗaki da wuta.

Kuɗin haya da tsawon jirgi ake lissafa shi, mita mita, kuma ana aunawa ne daga abin da ya fi tsinowa a gaba zuwa abin da ya fi tsinowa a baya. Don lissafi kawai, a ce mita ɗaya fam 300 ne a shekara: jirgi mai mita 10 zai biya fam 3,000, in kuma ya rataya ƙaramin kwale-kwale a bayansa ya ƙara mita ɗaya, to ya ƙara fam 300. Akwai farashin kwana, da na wata, da na shekara, duk a rubuce a allo. Ba ciniki, ba alfarma, ba kamasho, kuma kowane biya da rasit. Ba a ba mutum wuri sai ya nuna takardar inshora da za ta biya ɓarnar da jirginsa ya yi wa wani, wadda a tashoshin Ingila yawanci ake neman ta kai fam miliyan 2 ko 3. A bakin ruwanmu na gida mai jirgi yana kafa turke inda ya samu, ya ba 'yan ƙungiya da sarkin ruwa abin da aka saba, kuma wannan ya fi sauƙi ga talaka nesa ba kusa ba. Illarsa ita ce kuɗin ba ya taruwa wuri ɗaya da za a ce ga abin da aka yashe gaɓa da shi, ga abin da aka gina matakala da shi. Amintattun Whitehaven ba su da masu hannun jari da za a raba wa riba. Abin da ya shigo daga tasha, da hayar gine-gine, da wuraren ajiye motoci, cikin tashar yake komawa.

Ajiye jirgi a ruwan gishiri aiki ne da ba ya ƙarewa, kuma a nan ne masu sana'a ke samun abinci. Sau ɗaya a shekara, yawanci kafin bazara, ana ɗaga jirgi da wani inji mai ƙafa huɗu da ke zura majanyu biyu a ƙarƙashinsa, ya ɗauke shi cak ya kai shi fili. Dole a duba inda majanyin zai zauna, domin in ya hau kan sandar farfela sai ya lanƙwasa ta. Da fitowa ake wanke gindin da ruwa mai ƙarfi, tun gansakuka da ƙananan katantanwar da suka manne ba su bushe ba, don in suka bushe sai da kankara. Sannan a goge da jiƙaƙƙiyar sanfefa, ba busasshiya ba, saboda ƙurar fentin guba ce. Fentin gindin jirgi yana da sinadarin tagulla da ke hana halittun ruwa mannewa. Shafi biyu ake yi, a ƙara na uku a daidai layin ruwa da bakin farantin juya jirgi da ke cikin ruwa, inda ya fi saurin cinyewa. Jirgin da aka bari shekara biyu ba wannan fenti, gudunsa yana raguwa, shan mansa ya ƙaru.

Akwai wani ɗan ƙarfe da ba a san shi sosai a ruwan daɗi na gida ba, amma a nan ran jirgi ne. Idan ƙarafa iri biyu, kamar farfelar tagulla da sandar baƙin ƙarfe, suka zauna tare a ruwan gishiri, sai su zama kamar batir, ɗaya ya riƙa narkewa. Don haka ake ɗaura dunƙulen zinki a jikin sandar da gindin jirgi, shi ya narke a madadinsu. Idan ya cinye rabi sai a sauya. Kuskure biyu ne ke kashe aikinsa: a shafe shi da fenti, ko a ɗaura shi a kan datti yadda bai taɓa ƙarfen sosai ba. Alamar an makara ita ce farfela ta koma ruwan hoda, in an ƙwanƙwasa ta ba ta ƙara. Zinki na ruwan gishiri ne. Mai jirgin ƙarfe a Kainji ko Tafkin Chadi, maganiziyam ne ya dace da ruwansa. Da hunturu kuma sai an zubar da duk ruwan da ke cikin bututu da inji, ko a zuba maganin hana daskarewa, domin ruwa in ya zama ƙanƙara yana kumbura ya fasa bututu. Tankin dizal kuwa cika shi ake yi fal, saboda in an bar shi rabi raɓa tana taruwa a ciki, wasu ƙwayoyin halitta su yi yauƙi a tsakanin ruwa da mai, su toshe matata ranar da aka fi bukatar inji.

A wajen gyara kowane ɓangare yana da abin da ya fi ɗan uwansa. A nan kayan gyara na asali ne, da lambarsu, ka yi oda yau gobe ko jibi su iso, kuma dokar kare mai saye ta 2015 ta ba mutum kwana 30 ya mayar da kaya mai aibi a ba shi kuɗinsa. Jabun kaya ba su cika yawo ba. Amma aikin hannu da awa ake biyan sa, kuma mafi ƙarancin albashi na wanda ya kai shekara 21 ya zama fam 12.21 a awa a Afrilun 2025, na ƙwararren makanikin jirgi kuwa ya ninka wannan sau da yawa. Shi ya sa ba a cika gyara ƙaramin abu ba, cirewa ake yi a sa sabo. Makanikin da ke bakin ruwa a Yawuri, wanda zai warware injin Yamaha gaba ɗaya a kan buhu, ya naɗa waya, ya yanka gasket da hannunsa, ya tayar da shi kafin la'asar, yana da basirar da ta yi ƙaranci a nan. Abin da ya rasa shi ne kayan gyara na gaskiya da littafin da ake rubuta ranar da aka yi wa inji sabis.

Batun tsare rai shi ne inda bambancin ya fi ciwo. Dokar Ingila ba ta tilasta wa mai jirgin kansa sa rigar kariya ba, amma mutane da yawa suna sawa, domin ruwan nan sanyinsa yakan sauka ƙasa da digiri 10 da hunturu, ko da rani ma da kyar yake haura 15. Wanda ya faɗa ciki, numfashinsa ne ke fara ƙwacewa a mintin farko, ko da gwanin iyo ne. Abin da ake koya wa yara shi ne su kwanta rigingine, su buɗe hannu da ƙafa, har numfashi ya dawo. Rigar da aka fi sawa siririya ce kamar gyale a wuya, da ɗan tulun iska mai giram 33 da ke hura ta idan ta taɓa ruwa. Ana gwada ta duk shekara: a hura da baki a bar ta kwana guda a ga ko ta sace, a auna tulun a sikeli, a duba ko ya kwance. Akwai maɗauri da ke bi ta tsakanin cinyoyi, wanda in ba a ɗaura ba rigar takan haye kan mutum ta bar fuskarsa a ruwa. Jirgin haya kuwa yana da adadin fasinja a rubuce, kuma duk wanda zai ɗauki fiye da mutum 12 sai ya cika sharuɗɗan jirgin fasinja. A kan gaɓa, kowane ɗan nisa akwai zoben ceto da igiyarsa, da tsani a jikin bango. In an yi haɗari a kira 999 a nemi masu gadin teku, ko layi na 16 a rediyo. Jiragen ceto na ƙungiyar RNLI, wadda aka kafa a 1824, suna St Bees da Workington, kudu da arewa da garin, kuma yawancin ma'aikatansu 'yan sa kai ne, da gudummawar jama'a ake tafiyar da su. Wanda ya tuna yaran Islamiyya da suka nutse a Bagwai a Nuwamban 2021, da mutum sama da 100 da suka rasu a yankin Patigi a Yunin 2023, ya san cewa lodi fiye da kima da tafiyar dare da rashin riga su ne ke cinye mu. Zoben ceto da tsani da allon adadin fasinja ba su kai kuɗin ƙofar ruwa ba ko kusa.

Kamun kifi bai mutu gaba ɗaya ba. Akwai 'yan jiragen masunta da ke jan taru a Tekun Ailan, abin da suka fi kamawa wani irin babban jatan lande ne mai dogayen hannuwa, kuma da yawa daga irinsa da ake kamawa a Birtaniya ƙasashen Faransa da Sifaniya ake kai wa. Kifin da ake soyawa da dankali a shagunan bakin tasha kuwa, galibinsa daga ruwan Aisilan da Norwe yake zuwa a daskare, kuma kwano ɗaya yanzu yakan kai fam 10 ko fiye. A kanti kifi yana zuwa ne a fere, ba kai ba ƙaya, an auna shi da kilo, an manna ranar da zai lalace. Mai son kan kifi don miya sai ya roƙi mai sayarwa ya ajiye masa. Tarwaɗa da karfasa da banda sai an je shagunan 'yan Afirka a manyan birane. Amma da rani kifin da muke kira taitus yana matsowa gaɓa, ana kama shi daga kan madatsa da fatsa mai ƙugiya uku zuwa shida da aka yi wa ado da gashin tsuntsu, ba ko tana. Kamun fatsa a teku ba ya bukatar lasisi, saɓanin kogi da tafki, sai dai akwai ƙa'idar girma: taitus da bai kai santimita 20 ba a wannan gaɓar mayar da shi ake yi. Wanda aka gasa ranar da aka kama shi, ɗanɗanonsa daban ne da na katan da ya yi watanni a ƙanƙara kafin ya iso Kano.

Musulmi ya yi tambaya kafin ya ci. Wasu masu suya suna kwaɓa fulawar kifin da giya, wasu suna soya shi a man da aka soya tsiren alade. Garin kuma ya shahara da barasar rake, har a cikin wani man shanu mai zaƙi da wasu kek na gargajiya ana zuba ta, don haka a karanta abin da aka rubuta a jikin kwalba. Ledar zuba kaya ma sayen ta ake yi, mafi ƙaranci kwabo 10, shi ya sa kowa ke tafe da jakarsa, kuma ba ka cika ganin leda tana yawo a kan ruwa ba.

Ta fuskar tarihi, sun rushe rumbunan fosfat, amma ba su share kayan tarihi don su yi sabo ba. Madatsun dutse suna nan da sunayensu na da, har da wadda ake kira Harshen Sukari da wadda ake kira Harshen Farar Ƙasa, saboda kayan da ake saukewa a kansu. An bar turakun ɗaure jirgi na baƙin ƙarfe, da hasumiyoyin fitila biyu a bakin shiga, da dogon bututun iska na ramin kwal na Wellington a kan tudu, inda mutum 136, manya da yara, suka mutu a fashewar 1910. A ramin William ma mutum 104 suka mutu a 1947. Akwai gumakan tagulla da ke tuna harin da John Paul Jones na sojan ruwan Amurka ya kawo a Afrilun 1778, mutumin da a wannan tashar ya koyi aikin jirgi. Ginin da aka sa a rajistar tarihi, mai shi ba ya sauya ko taga sai da izini. Kuma akwai darasin magina a nan: jan dutsen yankin mai laushi ne, da farar ƙasa ake cike tsakaninsa. In aka sa siminti, ruwa ya shiga ba ya samun hanyar fita, sanyi ya daskarar da shi, fuskar dutsen ta ɓantare. Daidai abin da ke faruwa ke nan idan aka yi wa ginin tubali filasta da siminti a Kano ko Zariya ko Damagaram: daga waje sumul, daga ciki ƙasa tana jiƙa har rana ɗaya bango ya zube.

Gidan tarihi na Beacon, wanda aka buɗe a 1996 a bakin ruwa, yana da wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Kofin gilashi ne na 1763, an zana jirgi a jikinsa da rubutun fatan nasara ga cinikin Afirka na Whitehaven. Cinikin bayi ake nufi. Daga 1710 zuwa 1769 jiragen garin sun yi ta zuwa gaɓar Afirka ta Yamma suna ɗaukar mutane zuwa gonakin rake da taba. Sukarin da aka sauke a kan madatsar can, guminsu ne. Wani gidan tarihin, na barasar rake, da aka buɗe a 2000 a tsohon shagon iyalan Jefferson, shi ma ya nuna yadda ake jera bayi a cikin jirgi. A ganina sun kyauta da ba su ɓoye ba, kuma ya dace duk ɗan Afirka da ya zo ya tsaya gaban kofin nan ya dube shi da kyau.

Ba komai ne ke tafiya daidai ba. Tun ƙarshen 2022 ruwan sashen da ake kira Queens Dock ya rine ya koma ja kamar kunun kanwa. Ruwa ba ya tsami banza: tsatsar ƙarfe ce ke shigowa ta wata kwata da ke ɗauko ruwa daga ramin jirgin ƙasa na Bransty, a yankin da ke cike da tsofaffin ramukan kwal. Idan aka daina zuƙe ruwa daga rami, yakan cika, ya narkar da ƙarfen da ke cikin duwatsu, in ya fito ya sha iska sai ya zama jan laka. Yana ɓata jikin jirage, yana korar baƙi. Kuma ƙofar da ke riƙe ruwa ita ce ke hana teku wanke shi sau biyu a rana kamar da. Haka nan yashi da laka ba sa daina taruwa a mashiga, yashewa kuwa aiki ne mai tsada da sai an maimaita. Mutanen Garwa sun san wannan, tun da yashi ya cike tasharsu.

Sai maganar aikin yi, wadda bai kamata a yi mata kwalliya ba. Ramukan kwal da Marchon sun ɗauki dubban mutane. Tashar shaƙatawa ma'aikatanta ƙalilan ne, sai masu shagunan shayi da abinci waɗanda cinikinsu na rani ne. Abin da ke riƙe da garin shi ne ma'aikatar nukiliya ta Sellafield, kimanin kilomita 16 kudu, mai ma'aikata sama da 10,000, kuma duk da haka za ka ga shaguna a rufe a babban titin kasuwa. Kuɗin gyaran tashar ma ba daga aljihun garin ya fito ba, tallafi ne daga waje, har da kuɗin cacar ƙasa da aka ware don ayyukan shiga shekara ta 2000. Abin da ya taimaka wajen kawo baƙi shi ne hanyar keke da ta tashi daga bakin tashar ta ratsa Ingila zuwa gaɓar gabas, kimanin mil 140. Masu tafiyar sukan tsoma tayar baya a ruwa kafin su tashi, kuma kafin nan sun kwana a masauki, sun ci abinci, sun sayi kaya.

Baro tana da irin wannan jari. Daga can aka ja titin jirgin ƙasa da ya isa Kano a 1911, kuma ta can kaya suka riƙa sauka zuwa teku. An ƙaddamar da sabuwar tasha a wurin a Janairun 2019, amma kukan da ake ta yi shi ne rashin hanya mai kyau da rashin zurfin ruwa da rani. Lokoja, inda hedikwatar hukumar hanyoyin ruwa ta Najeriya take, tana da mahaɗar Kwara da Binuwai da dutsen Patti da gine-ginen zamanin Lugga. Ƙofar ruwa irin ta Whitehaven ba ta dace da kogi mai cika sau ɗaya a shekara ba. Abin da zai yi aiki shi ne dandamali mai iyo a kan turaku, da gada mai gwiwa da ke bin ruwa sama da ƙasa, wanda masu walda na gida za su iya haɗawa, sai banɗaki mai ruwa, da fitila, da ma'aikaci mai littafin rasit.

Mai son zuwa ya gani da idonsa, jirgin ƙasa daga Carlisle yana bin gaɓar teku, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci, kuma daga tashar jirgin zuwa bakin ruwa taku kaɗan ne. Motar bas a yawancin hanyoyin Ingila ba ta wuce fam 3 a tafiya ɗaya tun farkon 2025. Yawo a kan madatsu kyauta ne, gidajen tarihi ne ake biya. A zo da rigar ruwa mai hula ko da a Yuli ne, lema ba ta jure iskar wurin. A kula da lokutan sallah: a Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen goma saura na dare, a Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu an yi magariba. In iska ta taso daga yamma lokacin babbar cikowa, igiyar ruwa tana tsallake madatsar yamma, kada a hau ta da yara. Ranar da gari ya washe, daga gindin hasumiyar fitila ana hango tsaunukan Sikotilan ta arewa, da tsibirin Man ta yamma.